Littafin da Ba Shi da Ƙurunƙus

A kakar shekara ta uku bayan canjin kuɗi daga fam zuwa naira, wata ranar kasuwar Jibiya, rana ta take tsaka ina zaune a bayan rumbunmu da littafi a cinya, yara shida sun kewaye ni sun yi tsit. Ina aji biyar, ni kaɗai ce mace mai karatun boko a gidanmu, saboda haka ina ji da kaina ba kaɗan ba. An ce in tsare geron da aka shanya kada awaki su ci, in kuma kula da ƙanwata Abu, 'yar shekara biyar. Duka biyun da rabin ido na yi su.

Mahaifinmu mai saukar da baƙi ne, kuma shekarun nan kuɗi sun shigo ƙasa. Manyan motoci kan yi layi a bakin iyaka ɗauke da siminti da rediyo da atamfa, direbobinsu su kwana a zaurenmu. Wani direba ɗan Maraɗi ne ya manta littafin a ƙarƙashin tabarma. Ba shi da bango, ba suna, ganyayen ƙarshe kuma an yage su, ga shatin yatsu na baƙin mai inda ya goge hannu. Labaran ciki duk na ban tsoro ne, irin wanda nake so kamar me. Akwai na rijiyar da ke dawo da guga cike da gashin mutum, da na raƙumin da ba shi da inuwa. Na fi ƙaunar na ƙarshe, labarin wani abu da ke zama cikin karan dawa bayan girbi, ya ari muryar uwa ya kira yaro da sunansa. Daidai inda yarinyar labarin ta amsa, ta sa ƙafa cikin karan, nan takarda ta ƙare.

Gwaggo Tabawa, yayar mahaifinmu, ta sha ja mini kunne. "Mai tatsuniya da rana ɓata yake jawowa," in ji ta. Ta ce kuma kowace tatsuniya sai an rufe ta da ƙurunƙus, don abin da aka ambata ya koma inda ya fito. Ni kuwa mai ilimi na ce littafi ai ba tatsuniya ba ne, malaminmu ma da rana yake karanta mana. Ranar nan har murya na maƙale ina kwaikwayon kiran abin nan. Da na kai inda aka yage na rufe littafin, na bar yaran da baki buɗe, muka koma wasan carafke.

Sai da aka kira azahar na lura babu Abu. Takalmanta na roba suna nan gefe da gefe inda ta zauna. Aka duba ɗakuna, aka leƙa rijiya, aka bi kasuwa rumfa rumfa. Mahaifinmu ya hau babur har Magama, bakin iyaka, yana tambayar 'yan kwastan ko sun ga yarinya a bayan wata mota, aka aika wa jandarmomi, 'yan sandan tsallaken iyaka. Samari suka bi gonar bayan gidanmu sau biyu suna zungurar tarin karan da aka jingina. Inna ta zauna kusa da turmi, ba ta kuka, taɓarya a kan ƙafafunta. Tsoron da na ji bai yi kama da na littafi ba, wannan ba daɗi a cikinsa ko kaɗan.

Bayan la'asar na kasa daurewa, na faɗa wa Gwaggo abin da na yi. Na so ta doke ni in huta, ba ta doke ni ba. Ta kama wuyan hannuna ta ja ni har bakin gonar. Babu iska, babu kukan tsuntsu, sai tarin kara tsaye jere kamar mutanen da suka juya mana baya.

"Karanto ƙarshen," ta ce.

"Babu shi, Gwaggo. An yage."

"Ke kika buɗe, ɗiyar ga. Ke za ki ruhe."

Na buɗe littafin inda babu komai, na shiga ƙirƙira. Na ce yarinyar ta tuna uwarta ba ta taɓa kiran ta daga daji ba, sai ta yi bisimilla ta juya baya. Na ce abin ya yi ta kira har muryar aron ta ƙare masa, yarinyar ta isa gida aka ba ta fura. Sannan na ɗaga murya na ce ƙurunƙus kan kusu.

Muka zuba wa karan ido. Can sai tari na uku ya yi ƙaras, kara ya motsa, Abu ta rarrafo da ƙaiƙayi a kanta. Tarin nan a gabana samari suka zungure shi. Ta dube mu ba ko hawaye, ta ce, "Inna ce ta kira ni." Inna kuwa tun safe ba ta taka ƙofar gida ba.

Mahaifinmu ya ce barci ne ya sace ta a inuwa, wataƙila kuma gaskiyarsa. Gwaggo ba ta yi musu ba. Ta karɓi littafin ta tura a murhu ƙarƙashin tukunyar tuwo, ina kallo, raina ya sosu.

Yau gonar ta zama shaguna, babu rumbu ko ɗaya a unguwar. Jikokina suna kallon abin tsoro a waya da rana tsaka, su katse shi a tsakiya su tashi, ba abin da ke samun su, kuma ba wanda ke ja musu kunne. Wani lokaci nakan yi kewar zamanin da labari ke da nauyin da za a ji tsoron barin sa a buɗe. Abu ta yi jikoki ita ma, amma har gobe ba ta amsa kira sai ta ga fuskar mai kiran. Ni kuma ba na sayen littafi sai na duba shafin ƙarshe. Ban taɓa sanin yadda mai littafin nan ya ƙare nasa labarin ba. Nawa dai ya dawo mini da Abu.