Marin da Aka Rataye a Bakin Rijiya

Mun tashi da asuba daga Sakkwato ranar Talata, ni da maƙwabcina mai fataucin gishiri da jakansa biyu. Saƙo ne ya zo mini daga yayata, wadda ke zaune a wata tunga kudu da Dange. Mutanen tungar duk irina ne, waɗanda aka kamo tun muna yara daga ƙasar Dakarkari da Kambari, muka sami fansa bayan zuwan Nasara. Saƙon ya ce an rataye musu mari, wato ƙarfen ɗaure bayi, a bakin rijiya, suna shirin tashi su bar gonakinsu kafin ruwa ya sauka.

Hanyar Shuni yashi ce, ga zafin bazara. Ɗaya daga cikin jakan ba ya ganin inuwa ya wuce, sai an roƙe shi. A Shuni muka sha fura. Mai nonon ta ƙi karɓar kuɗin wuri, ta ce yanzu sai anini mai huda, maƙwabcina ya yi ta mita har Dange. A can muka yi azahar, muka ci hoce da ƙuli-ƙuli, na bar shi a kasuwa na ƙarasa da ƙafa.

Na isa tungar da la'asar. Marin na nan a reshen tsamiya, daidai kan rijiya, irin wanda ake sa wa bawa a ƙafa idan ya taɓa gudu. Ba wanda ya ga mai ratayewar, amma kowa ya san aikin masu son ƙwace fadamar tungar ne. Kwana tara ba a ja ruwa ba, sai mata su tafi wani rafi mai nisa. Gaskiya da na gan shi, ƙafata ta hagu ta yi sanyi, ita ce mai tabon irinsa. Samarin da aka haifa cikin 'yanci suna dariya, wai tsatsa ta cinye shi, amma ban ga wanda ya miƙa hannu ba.

Na tambayi yaya takardar fansarta. Sai ta ciro laya daga wuya. Ashe tun ranar da alƙali ya ba ta, ta kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata.

Na ce, "Yaya, wannan ba laya ba ce, karanta ta ake yi."

Ta ce, "In ka farke ta, ta karye. Kai da kaf fara karatu da furfura, mi kas sani?"

Ban matsa mata ba. Washegari da hantsi ita da kanta ta miƙo mini. Na farke ɗinkin da aska a gaban jama'a. Rubutun ajami ne, ni kuwa shekara biyu ke nan ina koyo wurin malam bayan la'asar, cikin manya irina. Na bi baƙi ɗaya-ɗaya ina tuntuɓe. Na sami sunanta, na sami inda aka ce 'yantacciya ce, ba mai iko da ita. Ta sa na maimaita wurin har sau uku.

Sai ta tashi ta ɗauko ƙugiyar da ake ciro guga, ta saƙalo marin, ya faɗo ƙasa tim. Mutane suka ja da baya. Ta juya shi da ƙafa, ta ce, "Gugan ga namu dama ba shi nutsewa da wuri." Ta ɗaure shi a bakin gugan, ta zura, ta jawo ruwa. Ita ta fara sha.

Ba kowa ya tsaya ba. Gida biyu sun ɗaure kaya sun tafi a ranar, kuma ban ga laifinsu ba. Sauran suka fita sharar gona.

Ranar Alhamis na tarar da maƙwabcina a Dange, muka shigo Sakkwato da magariba. Abin da na koyo shi ne ƙarfen nan bai mutu ba. Wanda ya rataye shi ko kalma bai faɗa ba, amma ya hana mutane rijiyarsu, ya tashi gida biyu. Kafin in taho, tsofaffi shida sun nuna mini nasu layun, na ce su jira ni kafin shuka. Yau ni na riga kowa zuwa wurin malam.