Doña Casilda da Tukwanen da Ruwa Ya Wanke Sunayensu

Kafin jiragen masunta su dawo bakin gaɓa, Doña Casilda Uscanga ta riga ta buɗe gidan tarihin garinmu. Takan share ɗakunan nan uku, ta goge gishirin da iskar teku ke shafa wa gilasai, sannan ta zauna a ƙofa da kofin gahawa tana jiran baƙi. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. A takarda dai mai shara ce.

Masunta ne suka cika gidan da kaya. Duk wanda tarunsa ya kamo guntun tukunyar mutanen da, ko kan mutum-mutumin yumɓu, wajenta yake kawowa. Ita kuwa ba ta karɓa sai ta tsare shi da tambaya: a ina, yaushe, wa ke tare da kai. Don Fermín, tsohon masunci, yakan ce, "Ƙawata, tukunya fa na kawo, ba gawa ba."

Shekara huɗu da suka wuce, guguwa ta turo teku har tsakiyar gari. Maƙwabta sun gan ta cikin ruwa iya ƙugu tana kwashe kayan zuwa benen coci, alhali nata gidan yana cika. Kayan sun tsira, amma takardun bayanin da ke manne da su duk sun narke. Abu ɗari huɗu da 'yan kai, babu mai suna.

Aka turo wani masani daga birni, Dakta Zamudio. Kwana uku ya yi cikin kwalaye yana dafe kai, daga nan ya shaida wa shugaban gari cewa tukunyar da ba a san inda ta fito ba, ba ta ba da labarin kowa, gara a kwashe kayan zuwa birni a rufe gidan. Doña Casilda ta ji, ta kasa ganewa. Kaya ga su nan lafiya, da hannunta ta ɗauke su, ko ɗaya bai fashe ba. To me ya ɓata? Sau biyu ya yi mata bayani.

"Au, inda aka samo su kake nema, Dakta? Ai da ka tambaya."

Ta ɗauki wata tukunya ta ce Don Fermín ne ya ciro ta a bakin kogi, makon da aka yi wa autarsa baftisma. Sai ruɗanin ya koma kan Dakta, don ita ba ta san ƙarni ba, ba ta san sunan ƙabilun da ba, da haihuwa da jana'iza take lissafi. Bai yarda ba sai da ya duba littafin coci ya ga ranar. Wata biyu suka yi suna bin gida-gida, tana tuna wa masunta abin da su kansu suka manta. Haka kayan suka sake samun suna, ba a rufe gidan ba.

Doña Casilda, ke ce kika tsaya lokacin da masu ilimi suka sare. Ke ce kuma kika ƙi yin ƙarya. Abu goma sha ɗaya suka rage da kika kasa tunawa. Dakta ya roƙe ki ki yi ko da kintace ne, kika ce a'a. Har yau suna kan kanta ta daban, an rubuta "ba a san asalinsu ba", kuma har yau in kin wuce su sai kin tsaya kina juya su, kina zargin kanki.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta yi ritaya. Da aka kira ta ofishin shugaban gari, ta zaci wani abu ne ya ɓata. Ta shigo jama'a suka miƙe suna tafi, sai ta waiga ta ga wa ya biyo ta. Aka ba ta dama ta yi magana.

"Ni fa ban gane ba," in ji ta. "Tambaya kawai na yi ta yi. Yanzu wa zai riƙa yin ta?"



Mun gode, Inna Casilda, mai gadin kakanninmu. Allah Ya ƙara miki lafiya. Ku kuma matasan garin nan, kujerar ƙofa babu kowa a kanta, ga shi jiya wani masunci ya zo da kan yumɓu a hannu, ya tsaya ya tsaya, ya koma da shi gida.