Shekarar da Orval Ya Ƙarar da Kuregen Verna

Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a bayan kantar shagon da babana ya bar mini, ina sayar da ƙusa da wayar shinge da harsashi, kuma ban taɓa ganin wanda ya cinye mini lokaci wajen zaɓen bindiga kamar Orval Brekke ba. Wata biyu cur ya yi yana zuwa yana tafiya. Har yau in na tuna, sai haushi ya zo mini, tausayi ya biyo baya.

Orval ya yi aikinsa duka a rumbun alkama na bakin layin dogo, yana auna motocin manoma. Mutum ne dogo, marar magana, wanda in ka gaishe shi sai ya ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari, ya gama. Matarsa Maxine ita ce bakinsa. Da ta rasu, sai gidan ya yi tsit. Ba su haihu ba, 'yan'uwansa kuma duk sun watse zuwa gaɓar teku tun yana saurayi. Coci ma ya daina zuwa, don a cewarsa bai san inda zai zauna ba.

Abu ɗaya ya rage masa, harbin kurege. A nan arewacin Montana kurege ba abin wasa ba ne, yana cinye ciyawar shanu, ya huda fili rami-rami har injin yankan ciyawa ya riƙa karya haƙora. Verna Dostal, wadda mijinta ya rasu ya bar mata makiyaya mil goma sha huɗu gabas da gari, ita ta ba shi izinin harbi a filinta. Daga ƙarshen Mayu, idan 'ya'yan kuregen sun fito daga rami, Orval zai ɗauki tsohuwar bindigarsa mai harsashi lamba ashirin da biyu, ya tuƙa akori-kurarsa can, Talata da Juma'a. Ya yi harbi awa biyu, sannan ƙarfe goma Verna ta buga ƙarfen da ke rataye a baranda, ya shigo kicin ya sha gahawa da burodin kirfa. Ita ke magana, shi yana cewa "haka ne." Shekara tara ana haka, kuma kuregen bai taɓa raguwa ba, don ko ya kashe ɗari, waɗanda suka rage sun isa su cika filin baɗi.

To, sai ga Curtis, ɗan Verna, ya dawo daga aikin rijiyar mai ya karɓi ragamar gonar. Ba mugu ba ne, gaskiya, mutum ne dai mai son ganin sakamako. A watan Janairu ya tare Orval a gidan mai ya gaya masa a fili: bana ce shekarar ƙarshe. In filin bai yi tsabta ba kafin a yanka ciyawar farko, zai zuba guba a ramukan, a huta.

Washegari Orval ya shigo shagona, ya cire safar hannu, ya tsaya yana kallon bindigogin da ke jere a bango.

"Ardis," in ji shi, "ina son mai ɗura kanta."

"Kai? Kai da ka ce mai ɗura kanta bindigar ragwaye ce?"

"Na faɗa. Yanzu ina so."

Na san dalili. Tsohuwar tasa sai ka ja ƙarfe ka fitar da kwanso bayan kowane harbi, kafin ka mayar da ido kan madubin saiti sauran kuregen sun nutse. Mai ɗura kanta kuwa kai dai ka yi ta jan kunama, idonka na kan fili. Wannan bai ɗauke mu minti biyar ba. Wajen girman harsashi ne muka maƙale.

Na jera masa guda uku a kan kanta. Ashirin da biyu, wanda ya saba da shi: ba ƙara sosai, amma da ya wuce yadi saba'in sai ya fara sunkuyawa, iskar nan tamu kuma ta kwashe shi gefe, in ya bugi dutse ya yi tsalle ya tafi inda ba a aike shi ba. Sha bakwai, ɗan siriri mai tsini: yana tafiya a miƙe har yadi ɗari da hamsin, kuma da ya taɓa abu yake tarwatsewa. Sai babban, biyu-biyu-uku, wanda zai kai yadi ɗari uku cikin sauƙi.

Ya ɗauki babban ya juya shi. "Wannan zai razana mata shanu."

"Zai razana."

"Kuma harbi ɗaya, duk filin ya shige rami rabin awa."

"To ajiye shi mana, tsoho."

Ya ajiye, ya tafi. Ranar Alhamis ya dawo da wata takarda da ya cika da lissafin yadda kowane harsashi ke faɗuwa a yadi hamsin, da ɗari, da ɗari da ashirin. Mako na gaba ya zo da tambayar iska: in tana kaɗawa mil goma daga yamma, wanne ya fi kaucewa? Na gaya masa. Ya ce ya karanta akasin haka. Na ce to je ka sayi bindigar a wurin wanda ya rubuta. Bai yi fushi ba, ya zauna a kan buhun abincin kare yana ta nazarin takardarsa har na rufe don cin abincin rana.

Wata rana na gaji na ce, "Orval, kurege ne fa, ba damisa ba. Ko wanne ka ɗauka zai mutu."

Ya ɗago ya dube ni. "Ba mutuwarsa nake lissafi ba. In na yi kuskure Curtis zai zuba guba, in ya zuba guba ba ni da abin yi a can."

Daga ranar na daina yi masa tsiya. Na ara masa tawa sha bakwai ɗin, ya tafi ramin tsakuwa na bayan gari inda muke gwada saiti, ya kafa takarda a yadi ɗari cikin sanyin Fabrairu. Ya dawo da takardar da huda biyar waɗanda babban yatsana ya rufe su duka. Mutum mai shekara saba'in da huɗu. Ya ce a yi masa odar irinta mai ɗura kanta, da madubi mai kyau, kuma na yi.

A nan ne ya yi abin da duk mai harbin kurege ya san sakamakonsa. Wanda ke harbi don nishaɗi yakan jira Yuni, lokacin da fili ya cika da ƙanana. Wanda yake son ya ƙarar da su kuwa, Afrilu yake fita, dusar ƙanƙara na narkewa, ciyawa ba ta tashi ba, matan sun fito da yunwa kuma ba su haihu ba tukuna. Mace ɗaya a Afrilu daidai take da bakwai ko takwas a Yuni. Orval ya san wannan sarai, shi ya koya wa rabin garin nan. Shekara tara bai taɓa taka filin Verna a Afrilu ba, kuma ban tsammanin ya taɓa tambayar kansa dalili.

A bana kuwa, tsoron Curtis ya rufe masa ido. Ranar uku ga Afrilu yana can, ya ɗora buhun yashi a kan murfin injin mota. Ba Talata da Juma'a ba, kullum. Verna ta gaya mini daga baya cewa in ta buga ƙarfen ma wani lokaci sai ya ɗaga hannu ya ce tana iya sha, yana zuwa, gahawar ta huce a tukunya. Yana shigowa shago duk kwana uku ya ɗauki kwalin harsashi, fuskarsa ta ƙone da iska, yana murmushin da ban gani ba tun Maxine na da rai.

"Ba ta kuskure, Ardis. Yadi ɗari da arba'in, kai kawai ya leƙo."

"Ka bar kaɗan mana," na ce, da wasa nake.

Bai ji ni ba. Kafin ƙarshen wata filin ya yi shiru. A Yuni, lokacin da makiyayun maƙwabta ke ta tsuwwa da ƙananan kurege, na Verna ciyawa ce kawai ke kaɗawa. Curtis ya zagaya da babur mai ƙafa huɗu, ya dawo ya miƙa wa Orval hannu. Ya ce bai taɓa ganin aiki irin wannan ba, ba sauran maganar guba. Ya ce, "Ka huta yanzu, dattijo, ka gama mana. Ba sai ka ƙara ƙona mai ba." Da zuciya ɗaya ya faɗa, yabo ne.

Orval ya koma ramin tsakuwa. Duk bazarar nan shi kaɗai yake can da safe, yana huda takarda. Yakan kawo mini su, huda biyar a wuri ɗaya, in ce madalla, ya ninke ya sa a aljihu. Ya sa na manna sanarwa a tagar shago cewa duk mai kurege a filinsa ya kira shi, ko nesa ne ba komai. Mutum biyu suka kira, dukansu samari masu noman haya waɗanda suka nuna masa ƙofar shinge suka wuce da tarakta.

Verna ta zo sayen murafun kwalba a watan Agusta. Tana ƙirga su ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Orval lafiya kuwa?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ki kira shi mana."

Ta ce ba ta son ta dame shi. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba: ƙugunta ya matsa mata, 'yarta ta shirya mata ɗaki a Spokane, kafin ƙanƙara ta sauka za ta koma can.

Kwana biyu bayan haka Orval ya shigo. Ban yi wani kwana-kwana ba, na gaya masa yadda ta gaya mini. Ya tsaya riƙe da hularsa yana kallon kanta.

"Yaushe?"

"Farkon Oktoba. Ka tashi ka je yau, Orval. Mil goma sha huɗu ne, ba bangon duniya ba."

"In je in ce na zo yin me?"

Raina ya ɓaci. "Ka ce ka zo shan gahawa! Shekara tara kana sha, yau ne za ka nemi dalili?"

"Da aiki nake zuwa," in ji shi a hankali. "Mutum ba ya tsayawa a ƙofar mace haka kawai. Me Curtis zai ce?"

Na so in jefe shi da abin da ke hannuna, amma na san ba shi kaɗai ba ne. Haka maza ke yi a nan, babana ma haka ya yi. Za su tuƙa mil hamsin su gyara maka famfo, amma ba za su taka ƙofarka don kewa ba. Na ce to in ba shi wani saƙo ya kai mata, murafun kwalba ko ƙusa, ko me. Ya girgiza kai, ya ce za ta gane.

Mai kai wasiƙu ya gaya mini cewa a Satumba ya sha ganin akori-kurar Orval a gefen titin da ya bi ta gaban filin, injin a kashe, shi yana ciki da madubin hangen nesa yana duba ciyawar layi-layi. Gidan na can ƙarshen filin, hayaƙi na fita daga bututun kicin. Bai taɓa juya sitiyari ya shiga ba.

Ranar tara ga Oktoba Curtis ya kai ta Spokane. Washegari Orval ya zo shago, ya cire sanarwarsa daga taga da kansa. Na tambaye shi ko ya samu ya yi mata sallama.

"Na duba, Ardis," in ji shi. "Kullum na duba. Da na ga ko guda ɗaya, da na shiga."