Ƙotar da Salmanu Ya Sassaƙa a Hor Al Anz

Waɗanda suka zauna a unguwar Hor Al Anz ta Dubai a shekarun nan ba za su rasa tuna Salmanu ba, dogon nan mutumin Ningi mai duba kaya a wani sito a Jebel Ali. Ba shi da yawan magana. Ran Juma'a, in abokan ɗakinsa sun fito daga masallaci sun nufi cin mandi, shinkafa da naman Larabawa, shi baranda yake fita, ya shimfiɗa kwali, ya hau kankare itace.

Mahaifinsa, Malam Ado, maharbi ne. Yana da wata tsohuwar bindigar soja da ya saya a gwanjo tun yana saurayi, aka gyara ta ta koma ta farauta, da lasisinta. Salmanu bai gaje shi ba. Boko ya ɗauke shi, daga boko sai jirgi. Tsohon bai taɓa cewa komai a kan haka ba, kuma shirun ne ya fi damun ɗan. Da yanar ido ta hana Malam Ado shiga daji, abin da ya rage masa ɗaya ne: bayan la'asar ya zauna a zaure, ya ɗora bindigar a cinya yana goge ta da tsumma, can ya kai ta kafaɗa ya auna katanga.

Wata rana Wasila, ƙanwar Salmanu, ta turo masa hoton tsohon a haka. Ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya tsaya a kan ƙotar bindigar. Guntuwa ce kamar an datse ta, ta tsage a wuya, an naɗe tsagin da wata baƙar fata, gefe guda kuma ya lotsa. Kunya ta kama shi. Ga shi a Dubai, mahaifinsa na rungume da wannan. Saƙon wata-wata ba ya yankewa, amma wannan banki ke kaiwa. Shi so yake, sau ɗaya, tsohon ya riƙe abin da hannun ɗansa ya yi, ya ce madalla.

Itacen bai saya ba. Wani akwatin inji ne ya fashe a sito, mai kula da siton ya ce ya ɗauka. Magagari da sanfefa masu araha ya samo a kasuwar Dragon Mart, aikin kuma ya koya a waya, wajen Turawa masu gyaran tsofaffin bindigogi. Ya san ƙasar da yake zaune, saboda haka itace kawai ya taɓa. Ƙarfen yana Ningi, haɗawa kuma aikin maƙeri ne. Tsawon ƙotar kuwa, ba ya tambayar kowa. In ya kankare ya kankare, sai ya kai ta kafaɗarsa, ya kwantar da kumatu, ya auna tankin ruwan gidan da ke kallonsu. In ta tokare shi ya rage, in ta zauna ya bari.

Ɗanladi, abokin ɗakinsa mai harkar kargo, ba ya wucewa bai tanka ba.

"Habibi, wai muciyar tuwo ce ko ƙafar gurgu?"

"Ƙota ce."

"To wa za ka harba a nan Deira? Tantabarun mai gida? Wallahi in shurɗa, 'yan sandan nan, suka hango ka, ni ban san ka ba, ko sunanka ban iya faɗa ba."

"Ta Baba ce."

"Shi ya ce yana so?"

Salmanu ya hure ƙurar itacen, ya ce, "Ai in an tambaya ba kyauta ba ce."

Ɗanladi ya ɗaga kafaɗa. "Khalas. Amma ka share barandar nan, jiya garin katako na ci a cikin indomi."

Ta ɗauke shi fiye da shekara. Da ya gama ya shafe ta da mai, har mutum na ganin inuwarsa a jikinta. Niyyarsa ya kai da kansa, sai korona ta zo, hutu ya gagara. Haƙuri ya ƙare masa. Da hanya ta ɗan buɗe ya haɗa ta cikin kayan Ɗanladi, ya roƙi Wasila kada ta faɗa wa kowa. Da ƙotar ta isa, ranar da aka kai tsohon Bauchi duba ido, ta naɗe bindigar a tabarma ta kai wa maƙeri.

Washegari bayan la'asar ta kira shi a bidiyo, ta jingina wayar a zaure. Salmanu na tsaye a gefen wata kwantena, yana kallo. Aka miƙa wa Malam Ado bindigarsa. Hannunsa ya bi bakin ƙarfen ya gangaro, ya zo wuya, ya tsaya. Ya laluba, ya sake lalubawa.

"Baba, Yaya Salmanu ne ya sassaƙa maka da hannunsa. Ga shi yana jin ka."

"Salmanu? Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Sannu da aiki. Ta yi santsi."

Ya ɗaga ta zuwa kafaɗa. Hannun dama ya miƙa, ya miƙa, yatsa bai kai kunamar bindigar ba. Ya sauke ta a hankali, ya jingina da bango, ya tambayi Wasila ko an ba awaki ruwa.

Sai daga baya Salmanu ya ji abin da duk mafarautan Ningi suka sani. Tun kafin a haife shi mahaifinsa ya faɗo daga bishiya a wajen kwanton ɓauna, kafaɗar ta ɗoru a karkace, shi ya sa ya datse ƙotar da kansa. Fatar nan kuwa ta wutsiyar bijimin sa ce. Haka maharba ke ɗaurin tsagi: a zura ta tana ɗanya, in ta bushe ta kama kamar ƙarfe. Amininsa ne ya zura masa ita, wanda ya daɗe da rasuwa. Lotsawar gefe ba lalacewa ba ce, wurin kumatunsa ne.

Ya kira Wasila. "Maza ki koma wajen maƙeri ki karɓo tsohuwar ƙotar."

Ta je ta dawo. Maƙerin ya ce ai ba wanda ya ce a ajiye, kuma ranar gawayi ya yanke masa, sai ya sa ta a wuta.

Salmanu ya ce zai sassaƙa wata, guntuwa, a auna masa hannun Baba daga gwiwa zuwa yatsa. Tsohon ya ce a gaya masa ya huta, aikinsa ma ya ishe shi. Tun daga nan, in ji Wasila, bayan la'asar hannu biyu yake zama da su a cinya.

Sai shekarar da ta biyo baya Salmanu ya samu zuwa gida. Bayan an gaisa an watse, Malam Ado ya nuna bango da haɓa.

"Ɗauko ta. Kai ta kafaɗa."

Ya kai. Ta zauna daram, kumatu ya sami wurinsa, yatsa ya faɗa kan kunama ba nema. Tsohon ya miƙo hannu ya shafa daga kafaɗar ɗan har zuwa yatsan.

"To," ya ce, "ashe taka ce."

Salmanu ya tsaya a haka, yana auna katanga. Ba daji yake shiga ba, ba kuma tafiya da ita zai yi ba. Ya mayar da ita inda take.

Da ya koma Hor Al Anz ya ba wani kafinta ɗan Pakistan magagarin da ragowar sanfefa. Ran Juma'a yana bin su cin mandi yanzu. Ɗanladi ya taɓa buɗe baki zai yi masa tsiyar baranda ta huta, ya dubi fuskarsa, sai ya tura masa kwanon miya.