Jar Tasalla da Auren Jikarta

Shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai Inna Tasalla makwancinta. Mu tara ne kacal a bayan makara. Ni ne ɗanta na fari, kuma ba zan yi kewaye-kewaye ba: uwata burkutu take dafawa a nan Tawa, da shi ta ciyar da mu bakwai bayan babanmu ya tafi Abijan bai waiwayo ba. Da na bar maganar a kabari, sai dai yau auren ɗiyata Rakiya na neman watsewa a kanta.

Yaran yanzu ba su san giya ma da suna take ba. A da kowace mai dafawa da irin tata. Ta gefen Kalfu fara-fara ce, ga tsami. Ta wata tsohuwa ƴar Bambai ruwa-ruwa, sai wanda ya rasa. Ta Inna kuwa ja ce mai duhu kamar tafki a farkon damina, shi ya sa ake ce mata Jar Tasalla. Jar dawa take jiƙawa, ta rufe ta a inuwa har ta yi tsiro, ta shanya, a niƙa, ta dafa sau biyu, hayaƙi na cin idonta. Ban ce halal ba ne. Karatuna bai wuce aji huɗu na lakwal ba, amma wannan na sani, ita ma ta sani.

Giyar kwalba ce ta fara zuwa daga Yamai, ma'aikata suka koma kanta don a ce sun waye. Sai wa'azi ya yi ƙarfi, masu dafawa suka yi ta ajiye muciya. Inna ce ta ƙarshe a unguwarmu, kuma ni na tsai da ita. Na gaji da jin "ɗan mai burkutu" a bakin masallaci. Wata safiya na ɗauki taɓarya na farfasa manyan tukwanenta uku. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Bar mini ƙaramar, Idi, ta ruwan sha ce." Ta koma sai da ƙosai, shekara shida tana fama, ba ta taɓa tayar mini da zancen ba.

Da za ta leƙo yau, mi za ta ce? Ita da ba ta ba yaro ko kurɓi, ita da ke ƙwace ƙoƙo in ta ga idon mutum ya juya, ta kora shi gida wurin iyalinsa. Yau ƙwaya ce a aljihun ɗan shekara goma sha biyar, ba wari, ba launi, ba tsohuwar da za ta ce ya isa. Mai sai da ita kuma da babbar riga, a sahun gaba. Laifi tudu ne.

Sati uku da suka wuce dangin saurayin Rakiya suka zo da goro. Kawunsa, wani Alhaji mai shago, ya rage murya ya ce, "Malam Idi, mun ji wata magana a kan kakar yarinya. In ka ce ƙarya ce, shi ke nan, ba mu ƙara tambaya."

Ƙofa ya buɗe mini, na gani. Kalma ɗaya ce. Na ce, "Gaskiya ce, Alhaji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babanka ma da ƙoƙonsa a gidanmu, ba ya yarda a ba wani da shi."

Maganata ta farkon dole ce. Ta biyun bakina ne, kuma yarinyar da ba ta taɓa jin ko warin tsiro ba ita ke biya.

To, mi ya rage na Inna? Ba wanda ya iya dafa Jar Tasalla, kuma ba na fatan a iya. Waɗanda suka sha sun tuba ko sun mutu, ƴaƴansu sun wanke. Mu da muka ci tuwon abin, sunan bai bar mu ba. Na ƙi ta sau ɗaya tana da rai, na kasa yin na biyu tana ƙasa. Allah ya jiƙan ta, ya yafe mata, ya yafe mini.

Rakiya na kawo mini tuwo ta ajiye ba ta kallona. Goronsu na nan cikin ƙwarya ya fara bushewa. Ba wanda ya ce a raba, ba wanda ya ce a mayar.