Ruwan Ganye

Ban yi boko ba, ban kuma yi nisa a allo ba, amma tun ba a haƙa kanal ɗin ruwan noman rani a ƙasarmu ba nake yi wa mata wankan jego. Daga ƙauyenmu har bakin Bunkure, da wuya ka shiga gidan da ban kai tukunyata ba. A dafa ruwa ya tafasa, a jefa ganyen darbejiya, in kama mai jego in fyaɗa mata safe da yamma. Ranar da jini ya ɗauke kuwa, a wannan ruwan nake tsarkake ta. Ta yi niyya, ta wanke hannu, ta yi tsarki, ta yi alwala, ta zuba wa kai sau uku tana tura yatsu cikin kitso, ta bi dama, ta bi hagu, ni ina cuɗa mata baya, kada a bar cibiya da hammata. Haka uwata ta yi mini.

To, sai jikata ta zo wankan gida da haihuwar fari. Ni na raini yarinyar nan. Ranar da za ta yi tsarki na hura wuta da buntun shinkafa, ruwa ya yi kore yana ƙamshi, sai ga yayar mijinta daga Dawakin Kudu, wadda ke koyarwa a Islamiyya. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta leƙa mini tukunya.

"Iya, ba dai da wannan za ta yi wankan tsarki ba?"

Na ce, "Da me kike so ta yi, da kunu?"

Ta ce wai ruwan da launinsa ko ƙamshinsa ya canja da abin da aka zuba masa ba ya ɗauke janaba, ba ya ɗauke biƙi. Na ce mata, "Ke 'yar nan, ruwan kanal ja wur yake zuwa da damina, da shi mazan garin nan ke alwala a bakin gona. Je ki ce musu ba su da salla."

"Laka daban ce, Iya. Wannan da hannunki kika zuba."

Da hannuna. A tsakar gidana ta faɗa, mata suna ji ta katanga. Na ce, "Wato duk matan da na wanke, har waɗanda ke kwance a maƙabarta, da ƙazanta suka yi ta salla? Har uwata?" Ta ce ita ba ta ce ba, Allah mai gafara ne ga wanda bai sani ba. Ka ji fa. Yarinyar da aka haifa jiya ce take nema mini gafara.

Ban damu da ita ba. Jikata na duba. Na ce, "Tashi mu shiga, ruwa zai huce." Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zani. Can ta ce, "Kaka, ki yi haƙuri." Ta ɗauki bokiti ta nufi randa, ta ɗebi ruwan sanyi, mai jego fa, ta shige banɗaki ta ja ƙyaure. Ina tsaye da ganye a hannu ina jin zubar ruwan. Wa ya cuɗa mata baya? Oho.

Na tuntsurar da tukunyar nan a tsakar gida, ruwan ya bi ta ƙarƙashin takalmin baƙuwar. Ba ta ci abincina ba, ban kuma ce ta ci ba.

Magana ta zaga gari. Har yau ana kirana wankan jego, don ba mai iya taɓa ruwan zafi kamar ni. Amma ranar tsarki sai a ce, "Iya, yau ki huta." 'Ya'yan da na yanke wa cibiya ne suke sallamata daga bakin ƙofa. Malamar takan aiko a gaishe ni, ban taɓa cewa ina amsawa ba. Jikata kuwa ta sake haihuwa bara. A Kura ta yi wankanta, a gidan miji.