Tafin Ƙafar Babayo

Babayo haifaffen Gashua ne, amma a Nguru aka san shi. Sanƙarau ya kama shi tun yana ƙarami. Ya tashi da ransa, kunnen ne ya tafi. Mutane suka laƙaba masa Babayo Kurma, shi kuwa bai taɓa jin sunan ba balle ya ɓata masa rai.

Dako yake yi a siton Alhaji Dunoma, can bayan tashar jirgin ƙasa. Wurin a matse yake, ƙofa ɗaya, kuma manyan motocin da ke kawo gero da bandar kifi daga Gashua da baya-da-baya suke shiga. Direba ya danna hon, kowa ya watse. Babayo ba ya jin hon, amma ba ya sa takalmi. Tun mota tana bakin ƙofa ƙasa take gaya wa tafin ƙafarsa, sai ka ga ya raɓe jikin bango, buhu a ka, ko waiwaye bai yi ba. Da wannan ƙafar ya auri Mairam, da ita yake ciyar da 'ya'yansa mata uku.

A shekarar tamanin da biyar ƙusa mai tsatsa ta soki wani ɗan dako, ƙafar ta ruɓe har aka yanke ta. Abin ya taɓa Alhaji ƙwarai. Ya aika Kano aka kawo takalman roba masu kauri, dogaye har ƙwauri, ya kafa doka: ba takalmi, ba aiki. Don Allah ya yi, wannan ba a musu. Sai dai bai tambayi kowa ba, kuma wanda ya fi cancanta a tambaya ba shi da bakin amsawa.

Babayo ya zura ƙafa, duniya ta ɗauke ɗif. Tsoro ya kama shi irin wanda rabonsa da shi tun yana kwance da sanƙarau. Ranar wuni ya yi yana waige-waige kamar mara gaskiya.

Mairam ce ta samo dabara. Ta ɗauki wuƙar gyaran kifi ta yanke ƙasan takalmin tas, ta bar sama. Babayo ya koma aiki, daga nesa mai bin doka, daga ƙasa kuwa ƙafarsa tana kan turɓaya. 'Yan dako suka gani suka ja bakinsu, har ma suna tsokanarsa da cewa ya sa wa ƙafarsa hula.

Asirin bai yi ƙarko ba. Da aka yi ruwan farko, Alhaji ya ga sawun yatsu biyar a laka, a wurin da kowa ke da takalmi. Ransa ya ɓaci.

Yuguda, shugaban 'yan dako, ya durƙusa. "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan bawan Allah da ƙafa yake ji. In ka rufe ta, ka kurmantar da shi sau biyu."

"Yuguda, na ga ƙafa guda a yanke, ba zan ga ta biyu ba," in ji Alhaji. "Ku da kuke da kunne, ku riƙa janye shi."

Aka ba Babayo sabon takalmi, aka sa Yuguda ya riƙa duba ƙasansa kowace safiya. Mairam ta roƙi mijinta, da hannu da hawaye, ya bar aikin su koma Gashua. Ya nuna mata 'ya'yan, ya nuna mata tukunya. Wane sito ne kuma zai ɗauki kurma?

Da farko an riƙa janye shi. Wannan ya fizgi rigarsa, wancan ya jefe shi da tsakuwa. Amma ɗan Adam ba ya daɗewa yana tuna abin da ba nasa ba, kuma kowa ya ɗauka wani zai yi.

Wata ranar kasuwa motoci suka yi layi har titi, aka kira Yuguda waje ya raba rigimar direbobi. Babayo ya fito daga sito da buhun gero a ka, ya ba ƙofar shigowar motoci baya. Wata mota shaƙe da kaya ta fara shigowa da baya, direba ba ya ganin abin da ke bayansa. Direba ya danna hon, ya sake dannawa, duk mai kunne ya kauce. Babayo kuwa yana tsakiyar hanya, yana tafiyarsa a natse cikin sabon takalmi.